Guɗar Lantana

Injin da ake kira Matacin Jiya ya haɗiye tsohon katin waya, ya ɗan yi gurnani, sai zauren tarihin Kaduna ta sama, wadda aka gina bisa gadojin gilashi, ya cika da haske. Aikin injin ke nan: ya karanta tsohon bidiyo, ya tace datti da hayaniya, ya miƙar da mutanen ciki tsaye kamar ka taɓa su. Aibinsa ɗaya, katin da ya karanta ƙonewa yake yi.

Injiniya Suwaiba tana haɗa baje kolin manyan ranakun kiɗan rok da wasan besbol a garin. Ta rasa bidiyon ranar buɗe filin besbol na farko, sai ga Baba Ilu da katinsa a ƙulle cikin hankici.

Kafin ta saka katin sai da ta tambaye shi: "Baba, ka ji sharaɗin dai? Katin ba zai dawo ba."

"Na ji, 'yata. Ni ba tarihinku ya kawo ni ba. Muryar marigayiya matata, Lantana, tana ciki, kuma babu sauran wayar da ke karanta shi."

Fili ya bayyana, jar ƙasa da ragar kaji. Ga samari da gitar lantarki a bayan akori-kura, suna kiɗan da dattawan lokacin ke kira haukan janareta. Baba Ilu ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, duniya! Dubi Ɗanlami mai ganga, ashe ya taɓa yin gashi!"

Sai ga Baba Ilu kansa yana saurayi, siriri kamar tsinke, riƙe da sandar da kafinta ya fiƙe daga taɓarya. Aka jefo ƙwallo, ya maka mata duka, ta tsallake katanga ta faɗa kasuwar 'yan tumatir. Gita ta kurma ihu. Can cikin 'yan kallo wata budurwa mai jan ɗankwali ta miƙe, ta kama hancinta, ta ɗaga kai sama.

Bakinta a buɗe, amma shiru.

"Ƙaro sauti," in ji tsohon. "Guɗa ta rangaɗa min a nan. A ranar na ce sai na aure ta."

Suwaiba ta duba allo. An ciyar da injin nan tarihin rok na duniya kaf, ya san kukan gita kiɗa ne, ya adana shi tsaf. Amma duk cikin masanan da suka ƙera shi, ba wanda ya tuna ya koya masa guɗa. Ya ɗauke ta ƙarar lalatacciyar lasifika, ya share. Wannan wane irin ilimi ne, fisabilillahi?

"Baba, ka yafe mana," ta ce. "Injin zai iya ƙirƙiro wata guɗar, ba mai ganewa."

Baba Ilu ya matsa gaban budurwar ta haske, hawaye na bin gemunsa.

"Ni zan gane. Bar ta haka, 'yata. Ki dai kashe min gitar nan, ko na jiyo guɗar a raina."