Ruwan da Bi Mgeni Ta Zubar a Bakin Rijiya

La'asar sakaliya Bi Mgeni ta tsame kwalabenta daga tukunya, ta jera su a kan tabarma, sai ranta ya ɓaci. Dukkansu sun yi fari fat, kamar an shafa musu alli.

Laifin rijiya ne. Ruwan sama ya yi jinkiri a tsibirin Pemba a shekarar, tankin gidan ya ƙafe, dole ta koma tsohuwar rijiyar bayan gida mai ruwan zartsi. Ga mangwaro ya kawo, ita kuwa ba ta taɓa barin kakarsa ta wuce ba ta cika kwalabe da acari ba, wato ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, a rufe shi har shekara.

Mijinta Faki ya shigo da ragar kifi a kafaɗa, ya leƙa, ya yi dariya.

"Uwar Mwatima, acari za ki zuba ko farar ƙasa za mu ci bana?"

"Kai dai ka wuce da ƙarnin kifinka," in ji ta.

Bi Mgeni mace ce da ba ta son a ga aibunta ko da a jikin kwalba ne. Ta mayar da su wuta, ta tuttula ruwan kal, ta dirje su ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙal. Kafin ta gama an fara kiran magariba. Ko yaron goye a ƙauyen ya san ba a zubar da ruwan zafi a wannan lokaci, in kuwa ya zama dole, a yi bisimilla, a ce wa na ɓoye su kauce. Ita da gaggawa da haushi, ta ɗauki tukunyar tana tafasa, ta sheƙa a gindin rijiya ba ta ce komai ba.

Sai ta ji wata 'yar ƙara siririya. Ta ce a ranta kyanwa ce.

Washegari da faɗuwar rana dutse na farko ya sauka a rufin kwano. Faki ya zagaya gidan da sanda, bai ga kowa ba. Haka aka yi ta yi kullum, daga kiran salla zuwa sallamewa, sannan shiru ya sauka, shiru mai nauyi da ko kaji ba sa motsi. A rana ta huɗu 'yarsu Mwatima, wadda ba su da kowa sai ita, ta daina cin abinci. Takan zauna ta rungume hannuwanta a ƙirji tana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri. Ana kallonta tana ramewa, tsoro ya hana uwar barci.

A rana ta bakwai aka ɗauko Malam Kombo, tsoho mai ilimi daga ƙauyen gaba. Ya sa aka turara lubban, ya zauna ya yi ta karatu a hankali har yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta wata babbar mace ce, ta dishe da kuka.

"Malam, daina ƙona ni. An riga an ƙona min wanda ya fi ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Tun kafin kakan maigidan ya kafa gidan nan nake gindin rijiyar. Na kwantar da ɗana yana shan iska, uwar yarinyar nan ta sheƙa masa wuta saboda kwalba. Kwana uku ya yi, ya rasu. Zan tafi da tata, mu yi daidai."

Bi Mgeni ta zube ƙasa.

"Ba za ki tafi da ita ba," in ji Malam Kombo. "Kuskure ne, ba ganganci ba, kuma yarinyar ba ta zubar da komai ba. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku. Za a bar miki rijiyar, a rufe ta, ba mai ƙara jefa guga."

"Rijiya!" Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Tawa ce dama."

"To me kike so?"

Hayaƙin lubban ya miƙe sak.

"Kwanaki ina ƙwanƙwasa musu rufi. Mijin ya fito min da sanda. Ko mutum ɗaya bai ce min sannu ba."

Malam ya juya ya dubi Bi Mgeni. Ta ja gwiwa har gaban 'yarta, ta kama hannuwan nan masu sanyi, hawaye na zuba.

"'Yar'uwa, ni ce. Ni na yi. Ki yafe min. Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya."

Jikin yarinyar ya girgiza sau ɗaya, ta saki dogon numfashi, hannuwanta suka saki. Can ta buɗe ido, ta dubi malam, ta dubi uwarta, ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Mama, me ya sa kike kuka? Wa ya rasu?"

Bi Mgeni ta ƙanƙame ta.

"Ɗan maƙwabciyarmu ne," ta ce.