Adudun Mai Nasara

Gwaggo Kaltuma tana murza ƙuli-ƙuli a tsakar gida, Kellu tana fifita mata wuta, sai ta saki maganar kamar mai aiken a sayo gishiri. Ta ce ran Juma'a za a mayar wa Mutari da toshinsa, zanen saƙin da takalman jar fatar da ya ɗinka da hannunsa, kuma daga yau kada ta sake jin sallamarsa a ƙofar gidan nan.

Kellu ta aje mafici. Marainiya ce, Gwaggo yayar babanta ce, ita ta riƙe ta tun daga yaye a nan Zango, a shekarun da ake ta ɗora ganuwar Birnin Damagaram. Duk unguwa an san Kellu ba ta ɗaga wa Gwaggo murya. An kuma san idan ta kafe, ko raƙumin Buzu ya fi ta sauƙin tayarwa.

Ta tambaya a hankali me Mutari ya yi. Gwaggo ta ce shi bai yi komai ba, baduku ne mai ladabi, ko ita tana jin daɗin gaisuwarsa. Laifin na ubansa ne. Jiya da magabatansa suka zo aka jero asali, sai ta gane ashe ɗan marigayi Mai Nasara ne.

To, labarin Mai Nasara kuwa Kellu ta haddace shi, don Gwaggo ba ta wata guda ba ta maimaita shi ba. Falke ne da ke kai fata da gashin jimina arewa ta Abzin, matan unguwa suna ba shi ɗan abin da suka tara yana juya musu. Gwaggo ta ba shi duk abin da ta ƙulla daga man gyaɗa. 'Yan hari suka faɗa wa ayarin a hanya, ya dawo daga shi sai sanda. Masu bin sa bashi suka kai ƙara, alƙalin Sarki ya yanke cewa arzikinsa ya karye, a sayar da abin da ya mallaka a raba musu. Abin da ya iso hannun Gwaggo bai cika ƙoƙo ba.

Wannan ta ce ta yarda, ƙaddara ce. Abin da ba ta yafe ba shi ne adudu. Ana gobe za a fitar da kaya, da hantsi, ta leƙa ta kan darni ta ga ƙarti biyu sun fito daga gidan Mai Nasara da wani ƙaton adudu lulluɓe da gwado, shi yana biye, suka nufi Birni inda surukansa suke. Washegari kuma mutumin nan ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai ɓoye ko allura ba. Daga bakinta labarin ya fita, ya zaga Zango, har ya mutu ana nuna shi da baki. Shi ya sa matarsa ta kwashe yaro ta koma Mirya, bai dawo ba sai da ya zama saurayi.

Yau ma haka ta sake jero shi, har inda takan ce sankira ya yi shela a kasuwa wai an rubuta hukuncin an aje, duk mai shirin wata hulɗa da gidan ya je zauren alƙali ya ji.

Kellu ta ɗago kai. "Gwaggo, kin je kin ji?"

"Me zai kai ni? Da idona na gani."

"Adudu kika gani. Ba ki ga cikinsa ba, ba ki ga inda aka sauke shi ba."

Gwaggo ta jefar da dunƙulen da ke hannunta. Ta ce lallai so ya rufe wa yarinya ido, yau ita ake ƙaryatawa a gidanta. Ta yi kuka, ta tuna mata goyon da ta yi, ta ce ba za ta haɗa jininta da gidan rantsuwar ƙarya ba. Kellu ma hawaye ke zuba, amma ba ta janye ba. Ta ce ba za ta taɓa yin aure ba da yardar Gwaggo ba, wannan ko a mafarki. Abu ɗaya take roƙo, a bar ta ta je ta ji abin da aka rubuta. In takarda ta ce an ɓoye dukiya, ita da kanta za ta ɗora toshin a ka ta mayar, tsakar rana, kowa na gani.

Gwaggo ta yi dariyar takaici, ta ce je ki. Ta tabbata dogarin ƙofa kaɗai ya isa ya koro ta.

Abin da Kellu ba ta zata ba shi ne Mutari. Ta same shi a rumfarsa yana yanka fata, ta faɗa masa, sai ta ga wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya roƙe ta kada ta je. Ya ce yana ƙarami aka yi abin, uwarsa ba ta taɓa buɗe baki a kai ba, shi kuma bai taɓa samun ƙarfin zuciyar tambaya ba. Yanzu ko ba komai yana iya cewa sharri ne. In aka karanta a bainar jama'a aka tarar gaskiya ne fa?

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta. Ta ce masa ai shekara da shekaru yana yawo da sunkuyayyen kai kan abin da bai sani ba, gara ya sunkuya kan abin da ya sani, ko ya ɗaga gaba ɗaya. Ita ba za ta haifi 'ya'yan da za a riƙa yi wa zunɗe a bakin rijiya ba. Ta tafi ta bar shi da fatarsa.

Washegari ta yafa mayafi, ta ɗauki faifan ƙuli-ƙuli, ta shiga Birni. Zauren alƙali yana kusa da fada, gindin wasu manyan duwatsu. Dogarin ƙofa ya ji buƙatarta ya kece da dariya, ya ce in ƙarar miji ta kawo ta jira layin mata, in kuwa karatu take so makarantar allo tana bayan masallaci. Ya sayi ƙuli-ƙuli, ya kore ta.

Ta koma gindin wata tsamiya da ke fuskantar zauren ta zauna. Gobe ta dawo, jibi ma haka. Duk wanda ya tsaya saye ya tambayi abin da ya zaunar da budurwa a ƙofar shari'a, sai ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Kafin a jima magana ta isa Zango, mata suka yi ta shigowa gidan Gwaggo wai jaje. Kellu kan dawo da yamma ta tarar ba mai yi mata magana, ta share gida, ta ɗebo ruwa, ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ba amsa. A ɗaki take kukanta, da safe ta wanke ido ta sake fita.

Ran Laraba Malam Suma'ila, muhutin alƙali mai riƙe da gafakar takardu, ya gaji da ganinta ya sa aka kira ta bakin zaure. Ya tambaye ta ko tana bin Mai Nasara bashi, ta ce a'a. Ko magajiyarsa ce, ta ce a'a. Ya ce to da wane haƙƙi za a kwance mata gafaka? Shelar da take faɗi ta 'yan kasuwa ce, don kada wani ya ba karyayye kaya bai sani ba.

Kellu ta durƙusa, amma muryarta ba ta durƙusa ba. "Allah gafarta Malam, an ce duk mai shirin hulɗa da gidan. Mai ba da fata goma an yarda ya ji. Ni da zan ba da kaina gaba ɗaya, ni ce ban isa in ji ba?"

Alƙali, wani tsoho da ke jingine can ciki, ya sa aka maimaita masa abin da ta ce. Ya yi murmushi ya ce yarinya ta fi su gaskiya, hukunci ba a rubuta shi don gara ta ci ba. Amma tunda magana ce ta mutuncin mamaci, ba za a karanta a kunne ɗaya ba. Gobe ta zo da ɗansa, ta zo da wadda ta ce ta gani.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta ɗaura zanenta na fita, ta sa Kellu ta ɗauko toshin a ka tun daga gida, wai don kada a sha wahalar dawowa ɗauka. Haka suka ratsa Zango, mutane na biye. Kellu tana tafe tana waige-waige, don har suka shiga Birni ba ta ga Mutari ba. Sai a gindin tsamiya ta hango shi tsaye, ya sa wankakkiyar riga, fuskarsa kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. Ya gaida Gwaggo har ƙasa, ta kau da kai.

Malam Suma'ila ya daɗe yana juya takardu kafin ya zaro wadda ake nema, gefenta duk ya ci. Yana karantawa da Larabci yana mayarwa da Hausa. Aka ji raƙuman da suka saura, da gida, da tukwane, har da shimfiɗa. Aka ji alƙalin wancan lokaci ya bar masa rigar jikinsa da ta Juma'a, shi kuma ya tuɓe ta Juma'ar ya ɗora kan kayan sayarwa. Mutari ya sunkuyar da kai.

Sai aka zo kan adudu. Ana gobe sayarwa, in ji takarda, Mai Nasara ya kawo wani adudu nan zauren da ƙafarsa. Ya ce ajiya ce ta wani Babarbare abokin tafiyarsa da ya mutu a harin, ba shaida, ba wanda ya san da ita sai Allah, ya ji tsoron a haɗa ta da kayansa a ci haƙƙin marayu. Aka buɗe gaban shaidu, aka tarar da alkyabbu da murjani da azurfa, aka aika wa magada Kukawa. Bayan nan ne ya rantse.

Wato dai Birni adudun ya nufa, gaskiyar Gwaggo. Surukan ne kawai ta ƙara daga zuciyarta.

Mutari ya rufe fuska da hannun riga, yana kuka. Kellu ta sauke toshin daga kanta ta aje a ƙasa. Tana son ta kalli Gwaggo ta ga yadda ta yi, sai ta kasa, don ba ta zo nan don ta kunyata wadda ta goya ta ba.

Sai Gwaggo ta matso gaba. Ta tambaya ko sunanta na cikin masu bi. Aka duba, aka ce yana nan, Kaltuma mai man gyaɗa, da abin da aka ba ta da abin da ya saura a wuyan mamacin. Mutari ya share ido ya ce a shaida, shi ya ɗauki saura, zai biya da basillarsa ko shekara nawa zai ɗauka.

"Rufe min baki, ɗan nan," in ji Gwaggo. Ta juya ga muhuti. "Malam, akwai sauran wuri a ƙasan takardar?"

Ya ce akwai ɗan kaɗan.

"To rubuta na yafe. Ka kuma rubuta ni Kaltuma ni na ce ya ɓoye dukiya, ban tambaya ba, ƙarya na yi masa. Wanda ya zo ji bayanmu ya ji har da wannan."

Malam Suma'ila ya dubi alƙali, alƙali ya gyaɗa kai, ya tsoma alƙalami a tawada. Da ya gama Gwaggo ta ce a karanta mata, aka karanta, ta ce a ɗaga murya don na waje su ji. Sannan ta fashe da kuka, tana neman gafarar mutumin da ba ya nan balle ya amsa. Mutari ne ya durƙusa ya amsa a madadinsa.

Toshin da aka fito da shi don mayarwa, Gwaggo ce ta ɗauke shi a kanta zuwa gida, ta hana kowa taɓawa. Duk wadda ta tare ta a hanya sai ta tsaya ta ba ta labarin adudu daga farko, sabon labarin, yadda ta yi shekaru tana ba da tsohon. Bayan kaka aka ɗaura aure, ɗan fari kuwa da ya zo, ita ta rantse ba a sa masa wani suna sai Mai Nasara.

Yara, ku riƙe wannan. Kellu ba ta zagi Gwaggo ba, ba ta gudu daga gida ba, ba ta kuma yarda a yanke mata rayuwa kan abin da aka hango ta kan darni ba. Ta yi haƙuri, ta tsaya, ta tambaya. Ƙofar zauren nan a buɗe take tun ranar da aka yi shela, mutum ya mutu da baƙin suna don kawai ba wanda ya taka ya je ya ji. In an ba ku labarin wani, kafin ku ɗauka ku kai gaba, ku je inda aka sauke adudun.