Duwatsu Masu Jar Lamba

Inak Sahnim, wato uwar Sahnim, tana kwashe shinkafa, ladan bai ƙarasa kiran magariba ba, sai wani abu ya daki kwanon rufi. Ya gangaro a hankali ya faɗi gaban rumfa. Mijinta, Amak Sahnim, wato uban Sahnim, ya ɗauka ya juya shi. Baƙin dutse ne mai sanyi, an rubuta masa 12 da jan fenti. Rubutun hannunsa ne.

Amak Sahnim ɗan jagora ne, shekara ashirin yana kai baƙi ƙolin dutsen Rinjani, kuma mu maƙwabtansa mun sha fama da cika bakinsa. A ranin nan ya shiga wani kwazazzabo da tsofaffi suka ce ba ya ɓullewa. Kwana tara yana rarrafe a jikin dutse, ya koma baya, ya gwada wata tsaga, har ya fito sama. Duk inda hanya ta rikice sai ya aza dutse ya sa masa lamba, daga ɗaya a bakin kwazazzabo zuwa sha biyu a gindin ƙoli. Da ya dawo, ko kofi ba ya bari a sha lafiya sai an ji labarin.

Washegari da magariba 11 ya faɗo. Jibi 10.

"Masu baƙin ciki ne kawai," in ji shi.

"Wane mai baƙin ciki ne zai hau can don ya jefe ka?" in ji matarsa. "Amak Sahnim, dubi lambar. Wani ne yake saukowa."

Daga nan gidan ya yi nauyi. Da rana ta karkata kaji sai su shige akurki ba a kora su ba. Ana jin taku a bayan katanga, kamar na mai tafiya kan tsakuwa, wani lokaci kuma muryar tsohuwa tana ƙirge ƙasa-ƙasa. A yamma ta sha biyu rufi bai yi ƙara ba. 'Yarsu Sahnim, budurwa 'yar sha bakwai, tana zaune tana gyaran albasa, sai uwar ta ga dutse mai lamba 1 a cinyarta. Yarinyar ta ɗago kai ta dubi ubanta, kallon kuwa ba nata ba ne.

Kwana uku ba ta ci ba. Da an sake ta sai ta nufi dutsen Rinjani ba takalmi, maza uku ke riƙe ta da ƙyar. A na huɗu aka ɗauko Tuwan Guru Jumadil, tsohon malamin ƙauyen ƙetare. Ya zauna kusa da kanta bayan la'asar yana karatu, bai tsaya ba har inuwa ta cinye tsakar gida.

"Ya isa, Malam," in ji wata tsohuwar murya daga bakin Sahnim. "Ba da kai nake ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi mai fenti. Tsakanin na bakwai da na takwas wani ƙaton dutse ya tare shi. Ya sa ƙarfe ya banƙare shi ya tura ƙasa. Ya ce tabe? Tambaye shi!"

Ba yaron da ba a koya wa tabe, kalmar neman gafara, a ƙasar nan. Kafin ka watsa ruwan zafi ko ka gangara da dutse, sai ka faɗe ta, waɗanda ba ka gani su matsa. Amak Sahnim ya sunkuyar da kai ya ce mantuwa ce, hazo ke tahowa.

"Ƙarya kake! Tun ranar da wasu baƙi suka yi maka dariya ka daina faɗa. Kalma ɗaya, da na janye 'yata. Tana kwance a ƙasa. Ni na tsince ta, gutsure-gutsure. Da ba ni da hanyar zuwa gidanka, sai ga shi ka shimfiɗa mini har da lamba."

"Wannan ba ta tura dutse ba," in ji Tuwan Guru. "Ki ji tsoron Allah ki fita. Za a rufe hanyar, ba mai sake bin ta."

"Rufewa za ta dawo mini da 'yata? Ci gaba da karatunka, in na ƙone tare da yarinyar za mu tafi."

"Ni ki ɗauka," in ji uban.

"In yi me da kai? Abin da na fi so ka ɗauka. Zaɓi: ko 'yarka, ko hanya. Duk wata hanya da ke cikin kanka."

Amak Sahnim ya yi shiru. Shirun bai fi numfashi uku ba, amma matarsa ta ƙirga su, kuma har yau ba ta yafe masa ba. Tuwan Guru ya ɗaga hannu zai hana cinikin, sai dai mutumin ya riga shi.

"Ɗauki hanyar."

Sahnim ta yi atishawa uku, ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Da asuba ya fita masallaci, taku arba'in daga ƙofarsa. Sai da hantsi muka same shi a gonar albasa yana juyawa wuri ɗaya, yana kuka. Ni da na sha jin haushinsa, ran nan tausayinsa ya kama ni.

Baƙi suna zuwa har yanzu neman wanda ya ɓulla kwazazzabo. Sukan tarar da shi a rumfa, ya san dutsen, ya san sunan kowace tsaga, amma bai san ta ina ake shiga ɗakinsa ba. Sahnim ke kama hannunsa ta kai shi. A bakin ƙofar yakan tsaya ya ce tabe, ya saurara tukuna.