Abin da Ke Ƙarƙashin Hoto na Bakwai

Ranar da Maitama ya fara ganin Lauratu, jirginsa ne ya riga shi isa gabanta. Tim! ya faɗo a kan tarin karan dawa a bayan garin Maska, taku biyar daga ƙafarta, yana ta hayaƙi.

Ba jirgin da ake shiga ba ne. Ɗan helikwafta ne da bai fi taɓarya tsawo ba, ana tuƙa shi daga ƙasa da wani akwati mai doguwar eriya. Wani Baturen injiniya da Maitama ya yi wa aiki a ofishin gona na Funtuwa ne ya koya masa, da zai koma gida a 1984 ya bar masa shi. Maitama ya ɗaura masa kyamara a ciki. In ya kai shi sama sai ya tsayar da shi wuri guda, ya riƙa juya shi kaɗan-kaɗan yana ɗauka, har hoto goma sha biyu. In an wanko sai ya jera su a kwali, gefen kowanne a kan gefen na kusa da shi, gonaki da hanyoyi su fito a shimfiɗe.

Manoman da suka taru kallo kowa ya ranta a na kare. Ita kaɗai ta tsaya, rungume da littattafan 'yan ajinta, don a firamare take koyarwa.

Maitama ya iso yana haki. "Malama, bai taɓa ki ba?"

"Bai taɓa ni ba," in ji ta. "Amma direban nan a sake masa jarrabawa."

Ya yi dariya, kuma wallahi tun daga nan zuciyarsa ta tafi. Ya ce ba laifinsa ba ne, sau uku ke nan in jirgin ya zo saitin wancan kufai sai injin ya yi tari ya mutu. Ya nuna wata sarƙaƙiya mai duhu a tsakiyar tsohon kangon gari, inda ko tsuntsu ba ya kuka.

Murmushinta ya ɗauke. "Kada ka ƙara tura shi can da tsakar rana."

"Ai da tsakar rana hoto ya fi kyau, babu inuwa."

Ta gyara rungumar littattafanta, ta wuce.

Aikin Maska na kwana uku ne, amma Maitama sai da ya mai da shi na wata biyu. Kullum da dalilin da zai hau babur ya zo. A haka ya gano gidan, inda Lauratu take zaune da kakarta ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Tsohuwa, don iyayenta sun rasu.

Abin da ya fara lura da shi, ba mai sallama a gidan. Mata in sun zo wucewa sai su koma ɗaya gefen hanya, su ja 'ya'yansu. Duk Juma'a Tsohuwa tana toya waina, ƙamshi ya cika unguwa, babu mai zuwa. Ranar da ta miƙo masa kwano tana cewa, "Ga shi, angona, in kana iyawa," sai ya karɓa da hannu biyu. Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Tsohuwa ta shige ɗaki da sauri, ya jiyo tana fyace hanci.

A zaure Lauratu ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa.

"Shekara goma sha huɗu ke nan. Ƙawata Shafa'atu, 'yar Inna maƙwabciyarmu, muna 'yan shekara bakwai. Tsohuwa ta ba ta waina da hantsi, ta fita da akuyarsu. Ba a sake ganinta ba, har akuyar. Aka ce Tsohuwa ce ta cinye su. Tun ranar ba wanda ya sake cin abin hannunta. Ni ma an ce na sha a nono." Ta ɗago. "Gara ka sani yanzu, Mai Jirgi, tun ban saba da kai ba."

"Kin makara, Laurena," ya ce. "Ni na riga na saba."

Ita ma ta riga ta saba, ƙarya take yi.

To, labari ya isa Funtuwa kafin ya kai shi da bakinsa. Mahaifiyarsa Hajiya Tasalla ta zaunar da shi, ko tayin abinci ba ta yi masa ba.

"Duk 'yan matan garin nan, sai gidan mayu? Maitama, kai kaɗai gare ni. In haifi ɗa ɗaya in kai shi a lashe?"

"Hajiya, ƙazafi ne."

"Ƙazafi? To ina yarinyar? Ka nuna min inda take, ni da ƙafata zan kai kayan gaisuwa. In ba haka ba, ban yafe ka sake taka gidan ba."

Ba ya iya ƙetare maganar uwarsa. Sai ya koma wasiƙa, ta hannun direban motar Maska.

"Laurena, hasken idona. Hajiya ta hana ni zuwa, amma ba ta hana ni tunaninki ba, don ba ta san inda makunninsa yake ba. Ki ba ni lokaci. Ki gaishe min da amaryata Tsohuwa, ki ce ina kewar wainarta. Naki har abada, Mai Jirgi."

Amsa ta zo bayan kwana biyu.

"Direbana, na karanta sau tara. Kada ka saɓa wa Hajiya saboda ni. Ina nan. In na ji ƙugin babur sai gabana ya faɗi, ko da na mai kananzir ne. Taka, Laure."

Ana cikin haka ofis ya ce a sake ɗaukar bayan garin Maska, don hotunan farko ba su cika ba. Hajiya gidan ta hana shi, ba garin ba. Ya je da tsakar rana, ana zafin bazara, ya tsaya daga nesa. Ko ganye ba ya motsi. Ya tura jirgin sama fiye da inda ya saba kaiwa, ya fara juya shi. Yana danna na bakwai sai ya ji ƙarar injin ta ɗauke ɗif, alhali yana ganin farfela tana juyawa. A cikin shirun nan ya ji kukan akuya, siriri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Sai ƙarar ta dawo, ya ƙarasa sauran biyar, ya tattara kayansa bai ko waiwaya ba.

Akwai wani Sada, dillalin auduga, da ya daɗe yana jiran Lauratu ta rasa mai so ta faɗo hannunsa a arha. Shi ya ga Maitama a ranar, ya garzaya wurin Lauratu.

"Kin ga mutuminki? Ya zo gari bai ko leƙo ku ba. Gidanku yake ɗauka daga sama, zai kai Funtuwa a ga yadda gidan mayya yake. Ni dai na faɗa miki, ba mai iyawa da ku sai ni."

Wasiƙar da ta biyo baya gajera ce.

"Malam Maitama, ashe abin kallo ka mai da mu. Tsohuwa ta sha kuka a rayuwarta, bai kamata kai ma ka ƙara mata ba. Kada ka sake rubuto min. Lauratu."

Ranar da ta iso hannunsa, a ranar ya karɓo hotunan daga mai wanki. Ransa a ɓace ya jera su, ya manna, ko duba su bai yi sosai ba. Ya ɗauki kwalin ya shiga wurin uwarsa ya durƙusa.

"Hajiya, sau ɗaya tak. In wanke kaina in dawo."

Ta dubi yadda ya rame, ta kau da kai. "Sau ɗaya."

A zauren Tsohuwa ya shimfiɗa kwalin a kan tabarma. Lauratu ta fito fuska a ɗaure.

"Duba da kanki," ya ce. "In kin ga ko katangar gidanku, ki kore ni."

Ta durƙusa tana bi da yatsa. Gonaki, burtali, rafi da ya ƙafe, kufai. Babu gida ko ɗaya. Kunya ta kama ta, sai ta hau sosa gefen wani hoto da bai manne da kyau ba.

"Me ya sa wannan ya hau kan wancan?"

"Haka ake yi. Kowane wuri na gefe sau biyu yake fitowa, sai in rufe ɗaya da ɗaya. Wannan na takwas ne a kan na bakwai."

Ta ɗaga gefen. Sai ta yi baya da sauri, ta dafe ƙirji.

A hoto na takwas, sarƙaƙiyar ce kawai, da wata baƙar da'ira a tsakiyarta wadda daga ƙasa ba mai iya gani. A na bakwai, wuri ɗaya, daƙiƙa uku tsakani, ga wata 'yar yarinya tsaye a bakin da'irar da jan kallabi, farar akuya a gefenta. Ta ɗaga kai sama, tana kallon kyamarar.

"Babu kowa a wurin," Maitama ya faɗa da ƙyar. "Ko kare ba zai iya ratsa ƙayar nan ba."

Tsohuwa ta fito jin shirun ya yi yawa. Ta kai hoton dab da idonta, ta daɗe.

"Ni na ɗaura mata kallabin nan," ta ce a hankali. "Ya kwance tana cin waina."

Da suka nemi a sare sarƙaƙiyar, mai gari ya so ya ƙi, amma da aka ga baƙar da'irar sai wani dattijo ya tuna kakansa ya taɓa cewa mutanen kufai suna da rijiya. Washegari da safe maza suka shiga da adduna da gatura, suna sara suna addu'a. Sai wajen azahar suka kai tsakiya. Ga ta nan, tsohuwar rijiya ba ruwa, bakinta ya zube gefe guda.

Aka zura mai yasar rijiya da igiya. Ya daɗe a ciki. Da aka jawo shi, ya fito da ƙunshi a rigarsa, ya ajiye a hankali: 'yan ƙasusuwa ƙanana, ƙahon akuya biyu, da awarwaro ɗaya da ya yi baƙi.

Inna, uwar Shafa'atu, ta ratso mutane. Ta ɗauki awarwaron ta goge da bakin zanenta, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Akuya ta bi," take ta faɗa. "Wayyo ni, akuya kawai ta bi."

Aka yi wa Shafa'atu sutura a ranar, bayan shekara goma sha huɗu, aka cike rijiyar. Sada kuwa, sai ga shi da uzurin auduga a Danja, bai dawo ba sai da damina.

Hajiya Tasalla mace ce mai magana ɗaya. Da ƙafarta ta zo Maska, ta durƙusa gaban Tsohuwa. "Ki yafe min, Baba. Na faɗi abin da ban gani ba."

"Tashi, 'yar nan," in ji Tsohuwa. "Ai ni kika yi wa kishiya, wannan ne ban yafe ba." Aka yi dariya har da hawaye.

A zaure Lauratu ta kasa haɗa ido da shi. "Direbana, wasiƙar nan..."

"Wace wasiƙa? Ni tara na sani daga gare ki, don ni ma sau tara na karanta ta farkon."

"Guda ɗaya ce fa."

"To ki rubuto sauran a ɗakinmu."

Aka ɗaura aure wata Juma'a bayan ruwan farko. Tun asuba Tsohuwa ta kafa tanda, ta toya waina ta cika manyan kwanuka uku. Mata suka cika tsakar gida, ana ta barka, amma kwanukan nan suna ajiye, kowa tana jiran wata ta fara. Shekara goma sha huɗu ba wasa ba ce. Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana juya itace a murhu. Lauratu tana hangowa daga ɗaki cikin lulluɓi, ranta ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga sallamar Inna, wadda rabonta da gidan tun ranar da 'yarta ta fita. Ta wuce kwanukan, ta je har bakin murhu ta durƙusa, ta tara hannu biyu.

"Ba ta kwano nake so ba, Tsohuwa. Da hannunki za ki ba ni, yadda kika ba ta."

Tsohuwa ta ɗauko ɗaya mai zafi, ta sa mata. Inna ta ci tana kuka. Kafin a ce me, kwanuka uku sun zama wayam, har ana rigima a kan ta ƙarshe.

Da la'asar ango ya tayar da jirginsa, wai sai ya ɗauki taron bikinsa da kansa. Ya bi ta kan kufai, injin bai yi ko tari ba. Bayan mako guda, a ɗakinsu na Funtuwa, Lauratu ta bi hotunan nan goma sha biyu tana ɗaga gefen kowanne. Babu kowa sai ciyawa sabuwa a inda aka cike rijiyar.

"Ta tafi," ta ce, ta jingina da kafaɗarsa.

"Ta gama abin da ta tsaya yi, Laurena."

Allah ya jiƙan Shafa'atu, ya ba Tsohuwa tsawon rai ta goya 'ya'yansu. Su kuma Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan. Amin.