Uban Kifin da Aka Musanya

Da safe mai gonar kifi ya shigo caji ofis da bokiti. Ya ciro karfasa, ya buɗe bakinta a gaban Sufeto. Cike yake da ƙwai.

"Mace ce, ranka ya daɗe. Bai kamata a ga mace a tafkina ba."

"Kifin ma wariya kuke musu?"

"Maza sun fi saurin girma. Akwai wani uban kifi da na sayo na ajiye a tanki, jininsa ba ya ba da mace, 'ya'yansa duk maza ne. Yanzu rabi mata. An sace shi, an saka wani. Dogo ne, mai ba su abinci."

A ranar Sufeto ya kulle Dogo.

"Wa ke zuwa wurin tankin?" ya tambaye shi.

"Ban ga kowa ba," in ji Dogo, kansa a ƙasa.

Sufeto ya san ƙarya ce, amma ba ta yi masa kama da ƙaryar ɓarawo ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Washegari ya je gonar, ya sa aka kamo kifin da ke tankin. Mai gona ya ce nasa yana da shaida a wutsiya, yanka ɗaya miƙaƙƙe. Wannan ma an yanke shi, sai dai yankan haƙora-haƙora ne.

Daga ɗakin baya ƙarar keken ɗinki ke tashi. Yayar mai gona ce, wadda mijinta ya rasu watannin baya. Sufeto da mai gona suka shiga wurinta.

"Kina zuwa wurin tankin, Yaya?" in ji Sufeto.

"Ni? Ko ƙarnin kifi ba na so."

Sufeto ya ɗauki almakashinta mai haƙora, ya yanka ƙyalle, ya ajiye a gabanta. Yankan iri ɗaya ne da na wutsiyar kifin.

"Dogo ya kwana a kulle. Ya ƙi faɗin sunan kowa."

Keken ya tsaya.

"Kafin rasuwarsa, maigidana ya daina cin komai," ta ce. "Wata rana ya ce romon kifi yake so. Na ɗauko wanda ya fi ƙiba, na saka wani, na yi masa shaida. Wallahi na ɗauka namiji namiji ne. Dogo ya gan ni, ya juya baya." Ta share ido. "Cokali biyu marigayi ya sha."

Mai gona ya dafe bango. "Yaya, da kin tambaye ni, da tafkin duka na ba ki. Ranka ya daɗe, na janye ƙara."

"Janye abinka, ƙanina. Ni dai sai na je."

Ta yafa mayafi, ta riga Sufeto zuwa mota.

"Ka ajiye ni a ɗakin da Dogo ya kwana," ta ce. "Amma ka fara buɗe masa, in gan shi ya fito."

Sufeto ya lalubi mukullin a aljihunsa. Bai iya kallonta ba.