Ƙugiya Huɗu a Motar Zaharaddini

"Radiya! Innalillahi... Radiya!"

Muryar Ummi ce, mahaifiyata, amma kamar daga nesa nake jin ta.

Yaya Mubarak ne ya taka birki a daidai Ƙofar Kuyambana saboda wani ɗan acaɓa, igiyar shanyar da ya ɗaure kekena na guragu da ita a bayan bas ta tsinke. Keken ya gangara gaba da ni, goshina ya daki ƙarfen kujera.

Jini na ɗiga a kan hijabina, ni kuwa ina kallon sa kamar na wata ce.

"Yi magana mana, 'yar nan! Ina ke miki ciwo?"

"Babu ko'ina, Ummi."

Gaskiya na faɗa. Wata goma sha ɗaya ke nan da hatsarin da ya taɓa min laka a hanyar Kaduna. Ƙafafuna suka daina ji, daga baya zuciyata ta bi su.

Saura wata biyu bikina da Zaharaddini abin ya faru. Mai walda ne a Kufena, shekara uku muna tare. Mahaifiyarsa, Hajiya Hajo, ta zo asibiti sau ɗaya, ta dubi keken, ta ce Allah Ya sawwaƙe. Daga baya aka kawo min labarin ta ce ɗanta ba zai ƙare rayuwarsa yana tura mace ba.

Shi dai bai fasa zuwa ba, har ranar da Ibtisam, 'yar ƙanwar Hajiyar, ta zo duba ni da ledar lemo. Ta zauna bakin gadona, ta kunna min wayarta.

Muryarsa ce sak. "...tausayinta nake ji..."

"Don Allah kada ki ce ni na jiyar da ke," ta ce tana share ido. "Gani na yi ana cutar ki."

Ban yi kuka ba. Na sa Yaya Mubarak ya mayar musu da kayan sa rana, na toshe lambarsa.

Kwana biyu bayan faɗuwata a mota, ina tsakar gida da filasta a goshi, Ummi ta leƙo.

"Zaharaddini yana zaure. Ya ce ko Magariba za ta riske shi a nan, sai kin fito."

Na murza keken na fita. Ya rame. Idonsa ya tsaya a kan goshina.

"Da igiyar shanya, Radiya?"

"Ita muke da ita."

"Zo ki ga wani abu... Minti biyar kawai."

Wata farar bas ce a ƙofar gida, an cire kujerun tsakiyarta. Ya saukar da wani faffaɗan ƙarfe daga baya, ya tura ni sama a hankali, ya juya ni ina fuskantar gaba. A ƙasan motar akwai ƙugiya huɗu, kowacce da bel mai kauri.

Ya durƙusa yana maƙala su, biyu gaba, biyu baya.

"A jikin ƙarfen keken ake sa su, ba a taya ba. Malam Yona mai gashin ƙashi na Wusasa ne ya koya min. Sau uku yana sa ni in kwance aikin in sake." Ya miƙo min wani bel ɗin. "Wannan naki ne. Ɗaya a kan ƙugu, ƙasa da ciki, ɗaya ya ratsa kafaɗa. Ɗaura da kanki."

Na ɗaura. Ya jijjiga keken da ƙarfi, bai motsa ba.

"Yaushe ka yi duk wannan?"

"Wata biyar ke nan."

Wata biyar... Lokacin na riga na kore shi.

"Tausayin ne har yanzu?" na tambaye shi. "Na ji da kunnena. Ibtisam ta kunna min."

Ya ɗago a hankali. "Abin da ya raba mu ke nan?"

Na gyaɗa kai.

"Da Hajiya nake magana ranar. Cewa na yi, kuna ta faɗin wai tausayinta nake ji, alhali kaina nake tausayi idan na rasa ta. Tsakiyar maganar aka yanko miki, masoyiya!"

Na jira in ji fushi, ko daɗi. Babu wanda ya zo.

"Zaharaddini, ni fa ba na jin komai yanzu. Ko wannan maganar... ban ji komai ba."

"Ban ce dole ki ji yau ba. Ki dai bar ni in riƙa kai ki gashi."

"Hajiya fa?"

"Uwata ce. Zan yi ta roƙon ta."

Wata huɗu yana kai mu ni da Ummi, duk Litinin da Alhamis. Ibtisam ta daina zuwa gidansu tun ranar da ya sa ta kunna muryar gaba ɗayanta a gaban Hajiya. Da na yarda a sake sa rana, Hajiyar ta amince da baki, amma ba ta taɓa tako gidanmu ba.

Ranar kai amarya, bayan La'asar, Yaya Mubarak ne ya ɗaure keken a motar Zaharaddini, mata na ta guɗa. Sai ga Hajiya Hajo ta ratso su. Guɗar ta tsaya.

Ta hau motar da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta sunkuya ta ja bel ɗin baya na hagu.

"Kai Mubarak, wannan ya yi sako-sako. Haka za ka kai min ita?"

Da hannunta ta ƙara tamke shi. Ta gyara min lulluɓi, ta zauna a kujerar da ke kusa da ni tana haki.

"Direba, a hankali," ta ce. "'Yata ce a ciki."

Na lalubi hannunta ta ƙarƙashin mayafi na riƙe. Ba ta janye ba har muka isa Kufena.