Akwatunan Lefen Zulai'atu

Ƙarfe sha ɗaya na safe Inna Hauwa tana bakin murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Zulai'atu, ɗiyarta ta fari, tana kan keken ɗinki a rumfa tana haɗa labulen ɗakinta, tana ta murmushi ita kaɗai. Yo ba dole ba? Saura sati huɗu a ɗaura mata aure da Malam Yusuf, ga akwatunan lefe huɗu jere a ɗakin Inna tun watan jiya, har yau matan unguwarsu a Yelwa ba su gama zancensu ba.

Sai ga Mufida, ƙanwarta mai ajin ƙarshe a sakandare, ta shigo babu ko sallama. Yunifom ɗinta duk ƙasa, idanunta sun yi ja sun ƙanƙance.

"Ke, lahiya? Mi ya maido ki yanzu?" in ji Inna.

Mufida ta miƙa takarda, ta shige ɗaki ta zube kan gado da takalminta. Inna ba ta yi boko ba, don haka Zulai'atu ce ta warware ta karanta. Firinsifal ce ke neman iyayen Mufida ran Litinin. An kama ta ita da 'yan mata huɗu a bayan ajinsu, suna zagaya gorar lemo da aka haɗa da maganin tari mai sa maye.

"Ƙarya ce!" Inna ta yi jifa da muciyar da ke hannunta. "Ɗiyata ba ta shan komi! Iska ce ta taɓa ta, tun ran da ta tahi bakin gulbi da magariba nike ganin ta haka. Wa ya ce ya kama su?"

Zulai'atu ta sunkuyar da kai. Sa hannun yana nan a ƙasan takardar, ta san shi kamar yadda ta san nata.

"Malam ne, Inna. Shi ne mai kula da tarbiyya a makarantar."

"Malamin naki? Lallai! Tun bai shigo gidan ba ya hwara tona muna asiri?" Inna ta gyara ɗaurin zane. "Shekara bakwai da rasuwar ubanku ina cikin hayaƙin ga, idona har ya mutu, don kada a ce tarbiyyar mace. Yanzu a kira sunan Mufida gaban ɗalibai, gobe duk kasuwar kihi ta ɗauka? Wa zai aure ta? Ki hwaɗa mishi ya goge sunanta kahin Litinin. In ya ƙi, ga akwatunansa nan, ba a kahe suke ba!"

Abin da ya ƙara ɗaure Zulai'atu shi ne kunyar surukuta. Tunda Yusuf ya fara zuwa gidan, Inna ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Daga ƙofar zaure yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa daga bayan katanga. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu, mai daɗi ko mai ɗaci, sai ta bi ta bakin Zulai'atu.

Bayan la'asar ya zo. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna nesa, ta isar da saƙon tana wasa da bakin hijabinta.

Yusuf ya ce, "Zulai, sunaye biyar ne a takardar. Ɗaya ɗiyar mai kabu-kabu ce. Ɗazu ubanta ya durƙusa a gabana yana hawaye, na ce masa ba zan iya ba. In na goge na Mufida, gobe da wane ido zan dube shi?"

"To korar ta za a yi ke nan?"

"Ba kora ba ce. Dakatarwa ce, da sharaɗin a kai su asibiti."

"Jarrabawar fita fa? Saura wata biyu!"

"Ba za ta zauna ta bana ba. Ko an bar ta, ba za ta iya riƙe biro na awa uku ba. Sau biyu ina tsintar ta a bayan aji tana barci yawu na zuba. Na yi mata faɗa, na rufe maganar saboda ke. Wannan rufewar ita ce babban laifina."

Zulai'atu ta ɗago a fusace. "Ka sani tuntuni ka ɓoye mini? Ka rufe sau biyu, na ukun ne ya gagare ka — da ya rage sati huɗu?"

"Na ukun na same ta ba ta san sunanta ba, Zulai. Na ji tsoro. Ki roƙar mini Inna ta zo ran Litinin."

Haka ta koma ciki da saƙo, ta fito da wani, ta sake komawa. Inna ta ce ba ta zuwa. Yusuf ya ce ba ya gogewa. Kowannensu ya sauke mata nasa a ka ya juya, ita kuwa babu wanda za ta sauke wa. Wallahi ta ji haushinsu su duka biyun, kuma su duka biyun take so.

Litinin ta zo ta wuce, Inna ba ta taka makarantar ba. Sai ma ta kulle Mufida a ɗakin baya, ta turara mata hayaƙi safe da yamma, ta shaida wa maƙwabta cewa iska ce ake magani. Ran kwana na biyu yarinya ta fara amai da gudawa. Gumi ya jiƙa ta sharkaf alhali tana rawar sanyi, tana murƙususu a kan siminti tana kukan ciwon ƙafafunta.

Da azahar Inna ta fita kai kifi tasha, Mufida ta rarrafo bakin taga ta kama ƙarfen.

"Anti... Anti Zulai, don Allah kwalba ɗaya. Akwai wani kemis a bayan tasha, ki ce masa ta 'yan makaranta, ya gane. Ɗaya kawai, wallahi daga ita na daina."

"Mufida! Ashe da gaske ne?"

"Sori Anti, sori. Tenshan ɗin karatu ne ya sa na fara, ƙawaye suka ce yana kwantar da kai. Ki taimake ni, mutuwa zan yi!"

Zulai'atu ta zauna a gindin tagar ta fashe da kuka. In ta sayo, ta kashe ƙanwarta da hannunta. In ta ƙi, ga yadda take. Da Inna ta dawo ta faɗa mata abin da Mufida ta ce, sai Inna ta toshe kunne. "Ba ita ke magana ba, su ne ke magana da bakinta! Kuma na kira Gwaggonku Dudu daga Warra. Ran Alhamis za ta zo ta maida ma dangin Malam lehensu."

Zulai'atu ta laɓe bayan rumbu ta kira Yusuf a waya. "Malam, jibi za a maido lefe. Layi ɗaya ne fa a takarda, layi ɗaya! Ko ban kai layi ɗaya ba a wurinka?"

Ya ce, "Kin fi haka, kin kuma sani. Shekara uku ina jiran ki, in aka raba mu ban san yadda zan yi ba. Amma ba zan goge ba."

Ta kashe wayar ba sallama. Ranar ko labulen ba ta iya kallo ba, ta naɗe shi ta tura ƙarƙashin keke.

Alhamis da hantsi Gwaggo Dudu ta iso, ƙanwar marigayi mahaifinsu, mace mai faɗin gaskiya ko a gaban wa. Ta sha ruwa, ta saurari Inna har ta gama, ta girgiza kai.

"Hauwa, ni ban yarda da wanga aiki ba, amma ɗiyarki ce. Sai dai kin san al'ada, ba a maida lefe a ruhe. A buɗe mu gani, yadda sunka kawo haka za mu kai, kada a ce mun riƙe ko ɗankwali."

Aka fito da akwatunan tsakar gida. Inna ta ciro makullan daga ƙarƙashin katifarta, inda suke kwana ita da Mufida, ta buɗe na farko da ƙarfinta. Atamfa biyu a sama, an shimfiɗa su tsaf. Ta ɗaga su. A ƙasa babu komai sai tsummokara da tsofaffin buhunan kifi da aka cusa don akwati ya cika.

"Innalillahi..." in ji Gwaggo.

Na biyu, na lesuka da shadda, haka. Na takalma da jakunkuna, ƙafa ɗaya ta rage da kwalayen wofi. Da Gwaggo ta jawo na huɗu sai aka ji ƙarar gilashi. Ta buɗe. Ƙananan kwalabe ne masu ruwan ƙasa, an sha an tanɗe, an jera su cikin tsumma sun kai rabin akwati.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta sinsina, ta miƙa wa Inna har gaban hanci. "To Hauwa, waɗanga ma iskar ce ta shanye su?"

Inna ta zame ta zauna daɓas a ƙasa cikin toka. Gwaggo ta karɓi makullin ɗakin baya ta fito da Mufida, tana tafe tana bin bango. Da ta ga akwatunan a buɗe sai ta zube.

"Ni ce, Inna. Ɗai-ɗai nake zarewa in kin tafi kasuwa, in kai wa wata dillaliya. Kwalaben kuma na rasa inda zan zubar ba a gani ba. Kullum sai in ce wannan ne na ƙarshe, jikina ya ƙi. Anti ki yafe mini..."

Zulai'atu ta tsaya tana kallon tsummokaran. Lesin nan mai ruwan hoda da ta ci burin sawa ran walima, ko aunawa a jikinta ba ta taɓa yi ba. Ta ji kamar ta shaƙe yarinyar. Sai ta dubi wuyan Mufida da ya zama kamar sillen kara, fushin ya koma tausayi, ta durƙusa ta rungume ta suna kuka tare.

"Yanzu ya zan yi?" Inna ta ce da ƙyar. "Ba su maiduwa, ba su riƙuwa. Ke, tashi ki hwaɗa mishi..."

"A'a, Inna." Tunda aka haifi Zulai'atu ba ta taɓa ce wa mahaifiyarta a'a ba sai ranar. "Ki gafarce ni, na gaji da kai saƙo. Kwana bakwai ina kaiwa ina kawowa, ita kuma tana ƙarewa a ɗaki. Ki faɗa masa da bakinki."

Gwaggo ta ce, "Ta yi gaskiya. A kira shi."

Bayan an tashi makaranta Yusuf ya zo. Gwaggo ta ce ya shigo har ciki. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin rumfa, kansa a ƙasa, akwatunan na gabansa a wangale. Inna tana bayan labulen ɗakinta. Sai labulen ya motsa, ta fito ta zauna a dokin ƙofa, fuska a kumbure.

"Malam, ga kayanku nan ka gani. Mun ci amana. Ni da nike cika baki zan maida, ba ni da abin maidawa."

"Subhanallah, Inna, ki daina faɗin haka. Tun ran da aka kawo su sun zama na Zulai'atu, babu mai tambayar ku komai. Abu ɗaya nake roƙo: a ba mu izini gobe ni da Gwaggo mu kai Mufida asibiti Birnin Kebbi. Kulle ta a ɗaki ba magani yana iya kashe ta."

Inna ta share ido da bakin zane. "Sunan nata hwa?"

Zulai'atu ta dubi Yusuf. Ta san kalma ɗaya za ta iya rushe komai.

"Yana nan, Inna. Ki yi haƙuri, ba zan goge ba."

Inna ta ɗago ta dube shi, karo na farko, ta daɗe tana dubansa.

"Bar shi," ta ce. "Da ka goge, da gawa zan ɗauka."

Ba a nan wahala ta ƙare ba, kada mai karatu ya zata. An ɗaga bikin wata uku. Dangin Yusuf sun yi ta tsegumi, wata gwaggonsa har cewa ta yi gidan 'yan maye zai shiga, ya toshe kunne. Mufida ta yi wata biyu a asibiti, ta dawo, ta sake zamewa sau ɗaya aka mayar da ita. Jarrabawar bana ta wuce ta, tana ji tana gani ƙawayenta na murnar sakamako. Zulai'atu ce ta yi jinyarta, ta yi haƙuri da kowa, har Allah ya kawo ranarta.

Iyaye, ku ji da kyau: rufa wa ɗa asiri a kan shaye-shaye ba ƙauna ba ce, taya shi haƙa rami ne. Ku kuma 'yan mata, wanda ya ƙi yin ƙarya don ya same ku, ku riƙe shi da kyau, ba zai yi muku ita ba bayan ya samu.

Ran kai amarya mata suka cika gidan. Mufida, ta ɗan yi ƙiba, tana raba ruwa. Wata maƙwabciya ta ɗaga akwati don a sa a mota, ta ji shi sakayau, ta taɓe baki ta ce yadda kowa zai ji, "Oh, ina lehen nan da anka yi ta zance? Ko ɓeraye sun shiga?"

Inna ta aje tiren da ke hannunta, ta jawo Mufida ta riƙe hannunta gam.

"Ba ɓeraye ba ne, ɗiyata ce ta sai da shi ta sha maganin maye, ni kuma ina nan ina cewa iska ce. Ga ta nan, Allah ya bar min ita da rai. Su biyar anka kama, amma masu sha sun hi hamsin. In kun koma gida, kowace ta buɗe jakar makarantar ɗiyarta ta duba."